Koyar da Turanci a Ƙasashen Waje ga Wanda Bai Taɓa Koyarwa Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Shin wanda bai taɓa riƙe alli ba zai iya samun wannan aiki?

Zai iya. Makarantun koyon harshe da yawa a Asiya sun saba ɗaukar sababbin malamai, kuma shirin JET na gwamnatin Japan, mai ɗaukar baƙi su taimaka wajen koyar da Turanci a makarantu, wanda aka fara a 1987, digiri na farko yake nema, bai sharɗanta cewa sai mutum ya taɓa koyarwa ba. Abin da ya fi tare wa mai nema hanya shi ne fasfon da yake riƙe da shi.

Yaya fasfo ya shigo cikin maganar?

Wasu ƙasashe sun ƙayyade 'yan ƙasashen da suke bai wa bizar koyar da Turanci. Koriya ta Kudu, alal misali, ta gina bizarta ta E-2 a kan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Ɗan Najeriya ko ɗan Gana, wanda ya yi karatunsa da Turanci tun daga firamare har jami'a, ba ya cikin wannan jeri, duk da cewa Turanci ne harshen hukuma a ƙasarsa. Ƙa'idar ba ta auna iya koyarwa ko kaɗan, amma haka take, saboda haka ya kamata mutum ya karanta dokar bizar ƙasar da yake hari kafin ya kashe ko sisi a kan kwas. Biyetnam da Tailan da Kambodiya sun fi sassauci, ko da yake akan nemi shaidar jarrabawar ƙwarewa a Turanci kamar IELTS ko TOEIC.

Wace takardar shaida ce ake daraja ta?

Mafi ƙarancin abin da makarantu suka saba karɓa shi ne kwas ɗin TEFL, wato horon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, na awa 120. Sai dai babu hukuma guda da ke kula da wannan suna a duniya, shi ya sa intanet ta cika da takardun da ake sayarwa da araha, waɗanda makarantun kirki ba sa kallo. Biyu ne suka yi fice, wato CELTA ta Cambridge da CertTESOL ta Trinity College London. Ana kammala CELTA cikin mako huɗu zuwa biyar idan ita kaɗai mutum ya sa gaba, kuma a cikinta sai ya koyar da ɗalibai na gaske na tsawon awa shida, mai horarwa na zaune yana duba aikinsa yana yi masa gyara. Ga wanda bai taɓa tsayawa gaban aji ba, waɗannan awanni su ne abin da zai nuna ranar ganawar neman aiki, kuma a ganina su ne suka sa tsadar kwas ɗin ta halatta.

Waɗanne takardu za a tanada?

Digiri, da shaidar 'yan sanda cewa mutum ba shi da tarihin laifi, da sakamakon gwajin lafiya. A Najeriya akan tantance takardun karatu a Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Abuja, sannan a kai su ofishin jakadancin ƙasar da za a je, kuma wannan zirga-zirga takan ci makonni.

Ta yaya ake gane tayin bogi?

Duk wanda ya ce a shigo da bizar yawon buɗe ido a fara aiki, daga baya a gyara takardu, yana jefa malami ne cikin laifin da kan kai ga tara ko kora. Haka nan dillalin da ya nemi kuɗi masu yawa alhali babu rubutacciyar yarjejeniya mai bayyana albashi, da awannin koyarwa, da wanda zai biya kuɗin gida da na jirgi. An sha yaudarar 'yan Afirka da alkawarin aiki a Tailan, suka tsinci kansu tsare a sansanonin damfara ta intanet a Myanmar. Kafin a sa hannu, a nemi makarantar ta haɗa mai nema da wani malami baƙo da ke aiki a can, a tambaye shi ko ana biyan albashi a kan lokaci, da kuma ko fasfonsa yana hannunsa.