Ma'anar binciken ƙwaƙwaf na dijital da aikin malamin jami'a a cikinsa

Binciken ƙwaƙwaf na dijital shi ne ilimin tattaro shaida daga waya, kwamfuta, katin ajiya ko intanet, a adana ta, a tantance ta, sannan a gabatar da ita ta yadda kotu za ta gamsu cewa ba a taɓa ta ba tun daga lokacin da aka karɓi na'urar. Mutane da dama a Kano sun ɗauka cewa duk wanda ya iya buɗe wayar da aka manta lambar sirrinta, ko ya dawo da hotunan da suka goge, kamar yadda masu gyara ke yi a kasuwar Farm Centre, ya san wannan fanni. Gwanintar masu gyara ba abin rainawa ba ce, amma manufa ta bambanta. Mai gyara so yake waya ta ci gaba da aiki, shi kuwa mai bincike so yake kada ko harafi ɗaya ya sauya a cikinta, domin abin da ya gano yana iya kai mutum gidan yari ko ya wanke shi.

Shi ya sa da zarar waya ta shigo hannu ake raba ta da sabis, galibi a saka ta cikin wata jaka ta musamman mai tare sigina, don kada wani ya goge ta daga nesa. Idan kwamfuta ce, ana haɗa ma'ajiyarta da wata na'ura da ke ba da damar karantawa amma ta hana rubutawa, a kwafe komai tsaf, har da gurbin da ake gani kamar babu kome a ciki, domin sau da yawa gogewa ba ta kawar da bayani, tana dai sanar da kwamfuta cewa gurbin ya zama na kowa. Daga nan sai a lissafa hatimin kwafin da wata dabara irin SHA-256, wadda ke fitar da jerin haruffa da lambobi 64. Ɗigo ɗaya idan ya sauya a cikin fayil, jerin nan gaba ɗaya zai rikiɗe. A kan kwafin ake yin aiki, asalin kuwa a kulle shi, kuma duk wanda ya karɓa ko ya miƙa sai ya sa hannu da kwanan wata.

Doka ce ta sa wannan tsantseni ya zama dole. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta, Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta fayyace laifukan, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tunatar da kowa cewa bayanan mutum amana ne, ko da ana zarginsa.

Fannin ɗan'uwan tsaron bayanai ne: ɗaya yana ƙoƙarin hana ɓarna, ɗayan yana bin sawu bayan ta afku. Malamin jami'a kuwa, ban da koyarwa, babban aikinsa shi ne ya gwada ko kayan aikin da jami'an bincike suka dogara da su sun cancanci a amince musu. An daɗe ana amfani da hatimin MD5, har sai da Wang Xiaoyun da abokan aikinta a ƙasar Sin suka nuna a 2004 cewa ana iya samar da bayanai biyu mabambanta masu hatimi iri ɗaya. A 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka yi wa wani hatimin mai suna SHA-1 irin wannan tonon silili da fayilolin PDF guda biyu. Irin wannan aiki ne ke sauya abin da ƙwararre zai iya rantsuwa a kai a gaban alƙali.

Hanyar zama malami a wannan fanni sananniya ce: digiri na farko a kimiyyar kwamfuta ko tsaron intanet, kamar yadda ake samu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, sai digiri na biyu da na uku, sannan hawa matakai daga mataimakin malami har zuwa farfesa ta hanyar wallafa bincike, sau da yawa da tallafin TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu.

A ganina, inda ɗalibin Kano zai fi yin tasiri shi ne a kan abin da ke gabansa. Wayoyin da suka cika hannun jama'a Tecno ne da Itel da Infinix, rigingimun da ke kai mutane ofishin 'yan sanda kuma sun haɗa da alat na bogi a wurin mai POS da saƙon murya na WhatsApp da ake cewa wane ne ya faɗa. Yanzu da manhaja ke iya kwaikwayon muryar mutum, tantance sahihancin saƙon murya na Hausa yana buƙatar wanda ya san lissafin sauti, ya kuma san karin harshen Kananci da kunnensa, kuma ya iya bayyana wa alƙali iyakar abin da gwajinsa ya tabbatar.