Kiredit Ɗin Kabon: Yadda Sharar Masana'antu Ke Zama Makamashi da Kuɗi

Kiredit ɗin kabon takardar shaida ce da ke cewa an hana tan 1 na iskar kabon, ko kwatankwacinsa na wata iska mai ɗumama duniya, tashi sama. Ana sayar da ita kamar kowace haja, masu saye kuwa kamfanoni ne masu fitar da hayaƙi da ke son su zaftare wani abu daga lissafinsu. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sauyin yanayi, ita ce ta buɗe wannan kasuwa, sashe na 6 na yarjejeniyar Paris ta 2015 ya ɗora a kai.

To ina shara ta shigo? A masana'antar siminti aka fi ganin abin. Tanderun siminti sai ya kai zafin digiri 1,450 kafin dutse ya nuna, kuma da kwal ko gas aka saba hura shi. Wuta irin wannan ba ta zaɓen abinci: tsoffin tayoyi, baƙin mai, garin katako, ɓawon kwakwar manja, ɓuntun shinkafa, duk lashewa take yi, tokar ma ta shige cikin simintin. A Jamus fiye da rabin makamashin tanderun siminti daga shara yake fitowa. A Najeriya ma Dangote da Lafarge sun shiga harkar.

Sai dai ƙona shara kaɗai ba ya kawo kiredit. Abin da ake biya shi ne bambanci: hayaƙin da zai tashi da an ci gaba da ƙona kwal, a debe wanda ya tashi yanzu. A nan shara ta fi shara. Ɓuntu da garin katako daga tsiro suke, kabon ɗin da ke cikinsu shukar ce ta zuƙo daga iska, shi ya sa kusan ba a lissafa shi. Leda da baƙin mai kuwa 'ya'yan ɗanyen mai ne, ribarsu a lissafin kaɗan ce. Kada kuma a manta, mafi yawan hayaƙin siminti daga dutsen kansa yake fita idan ya gasu, canjin makamashi bai taɓa wannan ba.

Akwai sharaɗin da ya fi wuya. Dole kamfani ya nuna cewa ba don kuɗin kiredit ba, da aikin bai yiwu ba. Idan ɓuntu ya fi kwal araha, ai ko ba a biya shi ba zai ƙona, don haka bai cancanci kiredit ba. Masu bincike na waje ke tantancewa, hukumomi irin su Verra da Gold Standard su yi rajista. A ganina a wannan gaɓar ya kamata a fi sa ido, domin an taɓa yin wasa da ita. A ƙarƙashin tsarin Kyoto, masana'antun iskar firji a Sin da Indiya sun riƙa samun kiredit 11,700 kan kowane tan 1 na gurɓatacciyar iskar HFC-23 da suka lalata, wadda shara ce da ke fitowa daga aikin nasu. Kuɗin ya yi daɗi har aka zargi wasunsu da ƙara yawan aiki don kawai su samu sharar da za su ƙona. Tarayyar Turai ta daina karɓar irin wannan kiredit a 2013.