Yadda Ake Raba Ruwan Sha da Ɓurɓushin Roba

Ledar fiya wata da muke jefarwa a kwata ba ta ruɓewa. Rana ce ke gasa ta har ta yi rauni ta riƙa marmashewa, sannan ruwan damina ya kwashi ɓurɓushin zuwa rafuka da madatsun ruwa, wato wuraren da ake jawo ruwan famfo daga cikinsu. Guntayen da ake magana a kansu ba su kai milimita 5 ba, da yawansu ma ido ba ya ganin su, kuma ba daga leda kaɗai suke fitowa ba, domin zaren tufafin roba da ke zubewa a lokacin wanki da abin da kwalta ke cinyewa daga tayoyin mota duk suna ƙarewa a cikin ruwa.

Abin da nake son jama'a su fahimta shi ne, aikin da ke raba ruwa da laka shi ne kuma yake raba shi da mafi yawan wannan ɓurɓushi. A matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa a Kano, ko ta Gudel a Yamai, ana zuba alimun a cikin ruwan kogi, alimun ɗin ya sa ƙananan abubuwan da ke yawo a ciki su manne wa juna su zama dunƙule-dunƙule masu nauyi, su kwanta a ƙasan tanki. Daga nan sai ruwan ya ratsa ta cikin yashi da tsakuwa, waɗanda ke kama abin da ya rage. Kulorin da ake sakawa a ƙarshe ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire roba daga ruwan. Saboda haka duk ranar da alimun ya yanke wa matata, ko aka jinkirta wanke yashin tacewa, robar za ta wuce zuwa famfunan gidaje ko da an zuba kulorin isasshe.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto inda ta nuna cewa matatun gurɓataccen ruwa, wato masu tace ruwan kwata da na najasa, idan suna aiki yadda ya kamata, suna iya cire fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan ɓurɓushi. Sai dai robar da aka cire tana nan a cikin lakar da ta kwanta a tanki, kuma idan aka mayar da lakar cikin kogi, an aika wa garuruwan da ke gangare abin da aka tsame. Wannan ne ya fi damuna, domin ba kasafai ake tambayar inda lakar matata take zuwa ba.

Rahoton ya kuma jaddada cewa ƙwayoyin cuta su ne babban haɗarin da ke cikin ruwan sha, don haka kada tsoron roba ya sa wani ya bar ruwan da aka tace ya koma wa rijiyar da ba ta da murfi, inda kwalara da taifot suke jira. Ruwan gora ma bai tsira ba, domin binciken da aka yi a Amurka a 2018 kan gorori 259 daga ƙasashe 9 ya samu ɓurɓushin roba a kashi 93 cikin 100 na gororin.

A gida, uwargida tana iya sa alimun kaɗan ko dakakkiyar ƙwayar zogale a ruwa mai laka, ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye na sama ta cikin tsabtataccen ƙyallen auduga. Masu bincike a Guangzhou ta ƙasar Sin sun nuna a 2024 cewa tafasa ruwa mai yawan sinadarin farar ƙasa na minti 5, sannan a tace shi bayan ya huce, yana cire kusan kashi 90 cikin 100 na ɓurɓushin, saboda farin ɓawon da ke fitowa a jikin tukunya yana kama shi. A ruwan da ba shi da wannan sinadari sosai, abin da ake cirewa kusan kashi 25 ne kawai. Bayan tacewa a adana ruwan a randa ko tulu mai murfi. Masu sayar da fiya wata kuma su daina jibge jakunkuna a rana, sannan ledar da aka shanye a tara ta wuri guda a kai wa masu sayen roba, kada a watsa ta a magudanar ruwa.