Waiwaye: Yadda manhajojin rubutu suka fara tona asirin tazarar da ba a gani

A zamanin ASCII, tsarin bai wa haruffa lamba a kwamfuta wanda ya fito a 1963, tazara tsakanin kalmomi ɗaya ce tak, mai lamba 32, sai Tab mai lamba 9. Kishiya ta shigo ne da wani tsarin haruffan, ISO 8859-1, a 1987: tazara mai lamba 160, wadda aikinta shi ne ta manne kalmomi biyu kada layi ya tsinke a tsakaninsu, kamar a “kilo 50”. Ita ce U+00A0 a Unicode, tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya, kuma ita ce   da masu gina shafukan intanet suka riƙa cusa ta ko'ina don tura rubutu gefe. A ido, ba ta da bambanci da ta yau da kullum ko na ƙwayar zarra.

Shigarta ba wuya. A Mac, yatsa ya makara a kan Option yayin danna madannin tazara, shi ke nan. A Word kuwa Ctrl+Shift+Space ne, sai dai yawancinta kwafowa ake yi daga shafin intanet ko PDF. Daga nan yaren shirya manhaja na Python ya ƙi aiki yana ƙorafin U+00A0, ko Linux ya ce bai san grep, umarnin bincike a cikin fayil, ba alhali ga shi a rubuce, domin ya ɗauki tazarar a matsayin harafin farko na sunan. A Excel, TRIM mai share rarar tazara ba ya taɓa ta, sai an haɗa da SUBSTITUTE da CHAR(160). A UTF-8, hanyar adana Unicode a fayil, baiti biyu ce, C2 A0, shi ya sa idan aka karanta fayil da tsohon tsarin Windows sai a ga Â ya tsiro tsakanin kalmomi.

A cikin manhajojin rubutu, Vim ya daɗe da ba da hanyar ganinta: a rubuta :set list, sannan :set listchars+=nbsp:% sai kowace ta bayyana da alamar %. Emacs ma yana rina ta tun fitowa ta 22 a 2007, ba sai an roƙe shi ba. Amma dangin nata sun yi yawa. Akwai U+2009 siririya, U+3000 ta rubutun Sin da Japan, U+200B da ba ta da faɗi sam, da U+202F da Faransanci ke sawa kafin alamar tambaya.

Abin da ya farkar da sauran manhajoji tsoro ne. A Nuwamban 2021, Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Cambridge suka nuna yadda haruffan juya alƙiblar rubutu, waɗanda ba a gani, za su iya sa mai duba lambar shiri, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, ya karanta abu ɗaya, kwamfuta ta aiwatar da wani. Suka kira dabarar Trojan Source. Ba a jima ba VS Code 1.63 ya zo da saitin editor.unicodeHighlight, mai zana ɗan akwati kewaye da harafin da ake zargi.

A nan mai rubutu da Hausa ya yi hattara. Reshen saitin mai suna nonBasicASCII, da ke kewaye duk harafin da ba ya cikin ASCII, ba ruwansa da wane ne mai laifi: ƙ, ɗ, ɓ da ƴ duk zai kewaye su, shafi ya cika da akwatuna har ido ya daina kula da su. Gara a kashe shi, a bar invisibleCharacters, mai kewaye haruffan da ba a gani, a kunne, ko a jera haruffanmu masu lanƙwasa a allowedCharacters, jerin haruffan da aka amince da su.

Goge-duka ma kuskure ne, domin a rubutun ɗab'i da gangan ake sa wannan tazara. A fara da nemo ta: LC_ALL=C grep -nP '\xC2\xA0' sai sunan fayil, ya kawo lambar kowane layi. Idan a lambar shiri ko fayil ɗin saiti take, a maye gurbinta da tazarar yau da kullum. Idan tsakanin adadi da ma'auninsa take, a ƙyale ta.