Kasafin kuɗin gyaran banɗaki: tambayoyi da amsoshi

Daga ina ya kamata magidanci ya fara lissafi?

Ya fara daga abin da ido ba ya gani. Yawancin mutane shagon tayil suke fara nufa, alhali abin da ke lalata banɗaki yana cikin bango ne da ƙarƙashin daɓe. Kafin a sayi komai, a kira mai aikin famfo ya duba bututun ruwa, da hanyar da ƙazanta ke bi zuwa sokawe, da kuma bangon da ya raba banɗaki da ɗakin kwana. Idan fentin wannan bango yana kumbura, ko kuwa farin gishiri yana fitowa a gindinsa, to ruwa yana yoyo a ciki, kuma duk tayil ɗin da aka manna a kai sai an sake fasa shi. A tsofaffin gidaje akan tarar da bututun ƙarfe da tsatsa ta cinye, waɗanda a yau ake maye gurbinsu da na roba: PPR don ruwa mai tsabta, PVC mai inci 4 kuma don masai. A ganina, wannan ɓangaren ne bai kamata a yi masa rowa ba, tare da maganin hana shigar ruwa da ake haɗawa da siminti, da gangarar daɓe wadda za ta kai ruwan wanka da na alwala magudana ba tare da an kore shi da tsintsiya ba.

Yaya ake sanin yawan tayil ɗin da za a saya?

Da awo ake sani, ba da ƙiyasin mai shago ba. Banɗaki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1.5 yana da daɓe murabba'in mita 3. Kewayen bangonsa mita 7 ne, saboda haka idan za a manna tayil har tsayin mita 2, ana buƙatar murabba'in mita 14, sai a cire gurbin ƙofa da taga. A ƙara kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, a kuma sayi duka a lokaci guda, domin launin kwalin da za a samu daga baya ba lalle ne ya zo daidai ba. Na daɓe ya kasance marar santsi, musamman a gidan da ke da tsofaffi da yara.

Me ya sa kuɗin da aka ware ba ya isa?

Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, farashin kayan gini a Najeriya bai zauna wuri ɗaya ba, musamman kayan da ake shigowa da su kamar kan famfo, shawa da hita. Farashin da aka ji a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Dei-Dei a Abuja watannin baya ba abin dogaro ba ne; sai an sake tambaya a shaguna biyu ko uku. Akwai kuma ƙananan abubuwan da ake mantawa da su, irin su kuɗin mota, kwashe ɓaraguzai, yashi, gam da ruwan aiki. Shi ya sa ya dace a ajiye kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kasafin a gefe. Sauya wa masai wuri, ko da don kauce wa fuskantar alƙibla ne, yana nufin fasa daɓe da sabon bututu, don haka a yanke wannan shawara tun kafin a fara.

Yaya ya kamata a biya masu aiki?

A yi jinga a rubuce, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, sannan a biya kashi-kashi. Bayan kafin alƙalami, kada a biya kashi na gaba sai an saki ruwa a cikin bututun an bar shi ya kwana, an tabbatar babu yoyo, kafin magini ya rufe bango da siminti.