Daga mari zuwa horo: waiwaye kan taɓin hankali a Zangon Accra

Idan ciwon taɓin hankali ya taso wa mutum da tsakar dare a unguwar Nima ko Mamobi a Accra, ba likita ke fara isowa ba. Uwa ce da maƙwabta, sai a aiki yaro ya taso malam. Abin da waɗannan suka sani shi ke nuna yadda daren zai ƙare.

A zamanin Turawa killacewa kawai aka sani. Dokar 1888 ta ba da izinin tsare marasa lafiyar, a 1906 kuma aka buɗe asibitin masu taɓin hankali a unguwar Adabraka ta Accra. An ƙara na Ankaful a 1965, da na Pantang a 1975, duka ukun a kudancin Ghana. Wanda ya yi nisa da su, ko yake gudun a ce "gidansu akwai hauka", sai ya nufi gidan magani ko sansanin addu'a, inda mari da sarƙa ke jira.

A 2012 majalisa ta zartar da doka mai lamba 846, wadda ta kafa hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta kuma ce a kawo kulawa kusa da gida. A shekarar ce ƙungiyar Human Rights Watch ta fallasa yadda ake ɗaure mutane a jikin itatuwa. Hukumar ta haramta ɗaurin a 2017, amma haramci a takarda bai koya wa kowa abin da zai yi a maimakonsa ba. Wannan giɓin ne shirin horo na QualityRights, na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya zo cikewa a 2019. A 2023 kuma majalisa ta soke hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da a da ke sa iyali su ɓoye.

Darasin ba shi da wuya. A kori 'yan kallo, a sassauta murya, a kira marar lafiyar da sunansa, a kawar da wuƙa da guba. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, tambayar ba ta cusa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kira lambar gaggawa 112 in abin ya yi tsanani. Ruƙiyya da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Abin da ke damuna shi ne, yawancin horon da Turanci yake, a kan intanet. Hajiyar da za ta riƙe ɗanta a daren nan a masallaci da taron suna take samun labari, da Hausa, kuma can ya kamata a kai mata shi.