Damina ta canza hali: tambayoyi kan kuɗin manomi a ƙasar Zazzau

Me ya haɗa lissafin kuɗi da sauyin yanayi?

Tambayi manomin Giwa ko Soba. Ruwa ya sauka a watan Mayu, a yi shuka, sai ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. Maimaita shuka kuwa kuɗi ne: iri, taki, ladan 'yan ƙwadago. Wanda ya zuba duk abin hannunsa a shukar fari dole ya ci bashi, galibi irin wanda ake biya da buhu a kaka. Don haka a ware kuɗin iri na biyu tun kafin ruwan fari ya faɗi.

Wato mutanen karkara ba su iya tattali ba?

Sun iya sarai, kuma duk mai zuwa koyarwa da wannan rainin ba zai samu masu sauraro ba. Adashi, rumbu, tunkiyar da uwargida ke turkewa don ranar buƙata, duk ajiya ce. Abin da ya rage shi ne rubutu. Ƙaramin littafi ya isa, da boko ko da ajami: nawa aka kashe a kowace gona, buhu nawa ta bayar. Nan mutum zai ga gonar da ke ciyar da shi da wadda ke cinye shi.

A sayar da hatsi a kaka ko a ajiye?

A kaka kowa na kai kaya kasuwa, farashi ya faɗi. Amma ba kowace shekara yake tashi daga baya ba, saboda haka a fara cire abincin gida, sauran a riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan. Buhun PICS mai ninki uku yana tsare wake da masara daga ƙwari ba tare da magani ba, muddin sun bushe sosai kuma an ɗaure baki da kyau.

Wane iri ya dace da gajeriyar damina?

A nan Zariya ta yi sa'a. Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, kuma ita ke fitar da masarar SAMMAZ da waken SAMPEA. Cikin masarar akwai mai nuna a kusan kwana 90, akwai mai jure wuta-wuta. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya (NiMet) kuma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. A nemi malamin gona ya fayyace abin da ya shafi yankinku.

Bashi da inshora fa, ga maganar riba?

Akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, akwai kuma hukumar inshorar noma ta NAIC. Kafin a sa hannu, a sa wani amintacce ya karanta takardar: yaushe biya, me zai faru idan fari ko ambaliya ta cinye gonar. Wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda kuwa, a tuna yadda MMM, wata harkar zuba kuɗi ta yaudara, ta tafi da dukiyar jama'a a ƙarshen 2016.